Asabar ɗin da Malam Bello Ya Shiga Gaba

Gari na wayewa Malam Bello ya turo babur ɗinsa tsakar gida ya hau goga, ko da yake babu abin gogewa a jikinsa, jiya ma da yamma ya goge shi. Tsohon babur ne baƙi, tun yana malamin gona yake hawansa, har ya yi ritaya bai sake wani ba. Matarsa Hansatu ta kawo masa kunu ta ajiye ta hagunsa ta juya. Bai san ta ajiye ba sai da ƙafarsa ta yi fatali da kofin.

"Malam, yau ma?" in ji ta. "Shekaranjiya buta, yau kunu."

"Hankalina ne ba shi nan."

Ta ɗauko tsumma. A ganinta rasuwar amininsa Jacob ce ke cinsa, sati shida ke nan. Gaskiyarta kuwa, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba.

Shekara biyu da suka wuce wani likitan ido a Birnin Kebbi ya gaya wa Malam Bello yana da hawan jinin ido. Ya ce ganin da ya tafi ya tafi ke nan, wanda ya saura shi za a lallaɓa da magani. Gefe da gefe duk ya rufe, tsakiya kaɗai ta rage, kamar mai leƙe ta cikin bututun ban ruwa. Likitan ya ce masa ya ajiye babur. Jacob ne ya raka shi, don haka Jacob kaɗai ya ji. Suka dawo gida Yelwa. Da ranar fitarsu yawon babur da abokai ta zagayo sai ga Jacob da wata jaket ruwan lemo mai ɗaukar ido, irin ta masu aikin hanya. Abokansu suka yi ta dariya, wai ya samu kwangilar kwalta a tsufansa. Shi ko ya raɓo kusa da Malam Bello kamar zai duba masa taya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kar ka nemi hanya. Ka nemi rigar."

Haka aka yi ta yi shekara biyu. Rigar ta karkata hagu, ya karkata hagu. Jacob ya ɗaga hannu, rami ne. Ya miƙe ƙafa, akuya ce ko mutum a gefen hanya.

Su shida ne a da, mutanen gari na kiransu Tsofaffin Asabar. Duk Asabar ɗin farkon wata sukan haɗu su yi doguwar tafiya ba don komai ba, wata rana Shanga, wata rana Warra, su ci kifi, masu salla su yi salla, su dawo kafin la'asar. Suna da doka guda da ba a taɓawa. Wanda ya fi kowa shekaru shi ne a gaba. Ba a wuce shi, ba a danna masa hon, ba a tambayarsa ina aka nufa sai ya kashe mashin da kansa. Sun kafa ta ne tun ranar da biyu daga cikinsu suka yi tsere kamar yara, ɗaya ya kwana uku a hannun mai ɗori. Akwai kuma wata da ba su cika son faɗa ba: wanda jikinsa ya gaza, a karɓi makullinsa. An yi wa ɗayansu, Zaharaddeen, haka da hannunsa ya fara rawa, kuma Malam Bello ne ya miƙa tafin hannu aka ɗora masa makullin. Yanzu Zaharaddeen na nan a ƙofar gidansa kan tabarma daga safe zuwa yamma, yana bin 'yan kabu-kabu da kallo.

Jacob ya girmi Malam Bello da damina ɗaya. Yau ce fita ta farko tun da aka binne shi, kuma ba a buƙatar wani ya faɗi wanda zai shiga gaba.

Ya shirya kamar yadda ya saba. Ya naɗe gwiwarsa ta dama da bandeji, ya cusa ƙasan rigarsa cikin wando, ya ɗora jaket ɗin fatar da ta tsattsage a kafaɗa, ya sa manyan takalmansa na zuwa fadama. Ya ɗiga maganin ido a bayan ɗaki inda Hansatu ba ta gani. Ya ninke hularsa ya sa a aljihu, ya kifa hular kwano. Yana ta jiran ya ji tsoro, don ya san ya kamata ya ji. Bai ji ba. Tun ranar da ya tsaya a bakin maƙabartar coci yana jin ana waƙa, komai ya koma masa kamar labarin wani ake ba shi. Tuwo ba ɗanɗano, rediyo surutu kawai. Ko hawaye ɗaya bai yi ba.

A gindin mangwaron da ke bayan kasuwa ya tarar da sauran ukun. Andrew, ƙanen marigayin, tsohon malamin makaranta, ya ɗaga riga yana shafa man zafi a ƙugu. Alhaji Bashir mai fataucin busasshen kifi yana kokawa da igiyar hular kwanonsa da ta ƙi zagaye haɓarsa. Yusha'u bakanike, autansu mai shekara hamsin da tara, yana ɗaure jakar sifanu da kayan faci a bayan mashin, don kullum shi ne a wutsiya.

"Alhaji, hular ba ta ƙanƙance ba," in ji Andrew. "Wuyan ne ya yi gaba. Kifin da aka ba ka ka sayar, kai ka cinye shi."

"Ka ji mai ƙugun aro. Kai da in ka hau mashin sai an kira mutum biyu su sauke ka."

Suka yi dariya, amma gajeriya. Kowa na kauce wa kallon gurbin da ke jikin saiwar mangwaro, inda Jacob kan jingine mashin ɗinsa.

Yusha'u ya tsuguna ya matsa tayar Malam Bello da babban yatsa. "Iska ta yi, Baba. Yau kai ne limaminmu. Ina munka nufa?"

"Kai, auta!" Alhaji Bashir ya daka masa tsawa. "Yaushe anka fara tambaya?"

"Na tuba, na tuba."

Nan ne ya kamata ya yi magana. Ya buɗe baki ma. Sai ya tuna tabarmar Zaharaddeen, da yadda gefenta ya zare, ya ji bakin ya rufe da kansa.

"Warra," ya ce. "Ta hanyar bakin ruwa."

Ya zaɓe ta ne don babu manyan motoci, kuma ya bi ta fiye da sau ɗari. Ya taka kik, mashin ya tashi bugu ɗaya.

Kan kwalta bai sha wuya ba. Ya samu wata motar albasa mai tafiyar hawainiya ya manne mata a baya, ya kafa ido kan buhunan, har Andrew ya yi ta tari saboda hayaƙi. Babu wanda ya wuce shi. Da ya ji warin bandar kifi ya san sun iso inda ake sauka, ya rage wuta, ya juya kansa gaba ɗaya kamar mujiya sai da ya samo bakin burjin, ya shiga.

Daga nan babu abin bi. Gabansa jan ƙasa ce kawai, da'ira guda kamar faifai, tana tahowa tana shigewa ƙarƙashin taya. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ciyawa ta yi tsawo ta matse hanyar. Yana jin ƙamshin shinkafar da ake yanka, yana jin muryoyin masu bugu can cikin fadama, amma bai ga ko mutum ɗaya ba. Yakan ga rami ne bayan ya riga ya faɗa. A bayansa ƙarar mashin uku na biye da shi, ba ta matsowa, ba ta ja baya. In ya rage su rage, in ya kauce su kauce. Ya lura ko ramin da ya faɗa su ma sai sun faɗa.

Wajen wata 'yar gangara wani abu ya bugi madubinsa na hagu, ƙwas, kan mashin ya ɗan girgiza. Reshe ne, ya ce a ransa. Ya ji kamar an yi ihu, amma cikin hular kwano kowane sauti ɗaya ne. Ya ci gaba.

Ya san akwai inda hanyar ke rabuwa biyu, ta Warra ta lanƙwasa hagu a gindin wata tsamiya. Jacob kan kunna sigina tun daga nesa. Ya yi ta jiran tsamiyar. Ya ƙirga kwalbati ɗaya, biyu, ya ce bayan na uku ne. Na ukun bai zo ba. Hanyar ta fara tsukewa, jan ƙasa ta koma yashi, taya na neman zamewa. Ya ce wataƙila ruwan bana ne ya sauya ta. Can gabansa wani fari ya bayyana, shimfiɗaɗɗe, yana ƙyalli, ya ɗauka farin yashi ne rana ta haska. Bai taka birki ba sai da ya ji sanyi ya cika masa takalmi.

Mashin ya mutu da kansa. Tayar gaba ta nutse har rabi cikin tafkin Kainji.

Ya zauna a haka, ƙafafunsa cikin ruwa, hannuwansa a kan mashin. Ruwan ya cika ya haɗiye hanyar, ga kan ciyawa na leƙowa. Ya ji mashin biyu sun tsaya a bayansa an kashe su. Shiru, sai ƙarar ruwa na lasar taya. Ya jira a tambaye shi.

Ba a tambaye shi ba. Abin da ya ji shi ne wani irin sauti kamar an shaƙe rago. Ya juya kansa ya nemo, sai ga Andrew ya cire hular kwano ya rungume ta a ciki, yana kuka da baki buɗe.

"Malam," ya ce, "ashe ka sani. Ashe ya gaya maka."

Ya nuna tsakiyar ruwan da hannu. "Tungar Baushe. Can ƙasa take. Nan anka haife shi, nan anka haife ni, kafin a tare ruwa a tashe mu. Wagga hanya ita ce ta garinmu. Yaya ya sha cewa zai kawo ku ku gani, in mun zo mararraba sai ya kasa, ya yi hagu. Ni kaina shekara nawa ban tako nan ba." Ya share hanci da safar hannu. "Da na ga ka wuce tsamiya ka miƙe, wallahi sai da numfashina ya tsaya."

Alhaji Bashir ya sauko da ƙyar, ya cire tasa hular. "Allahu akbar. Har cikin ruwa ka shiga ka gaishe shi. Malam, mu ba mu yi wannan tunanin ba. Wannan ita ce abota."

Suka kama mashin ɗin su biyu suka jawo shi baya zuwa kan tudu. Andrew ya tsaya bakin ruwa ya sunkuyar da kai yana addu'a da harshensu na gida. Alhaji ya koma gefe ya harɗe hannu a baya. Wasu masunta biyu da ke gyaran taru a inuwar jirgi suka daina aiki suna kallo.

Malam Bello ya zauna kan wani kututture ya cire takalmi ya zubar da ruwan. Jacob bai taɓa gaya masa sunan garin ba, ko kuwa ya gaya masa ya manta. Ya ga yadda abin zai tafi in ya yi shiru. Za su koma Yelwa da labari mai daɗi, matar marigayin za ta aiko da godiya, wata mai zuwa ya sake shiga gaba. Ba sai ya yi ƙarya ba ma, an riga an yi masa ita. Ya duba cikin ransa ko zai ji kunya. Babu komai a wurin, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Sai a lokacin ƙarar mashin na huɗu ta iso. Yusha'u ya kafe shi, ya taho yana kaɗe gwiwoyin wandonsa.

"Ina ka tsaya, auta?" in ji Alhaji. "An yi abin tarihi ba ka nan."

"Wajen tsohuwar nan na tsaya."

"Wace tsohuwa?" in ji Malam Bello.

Yusha'u ya dube shi. "Wadda ka goga, Baba. A gangara. Mai daron shinkafa."

"Mun gani," in ji Alhaji, yana gyara murya. "Mun ce hankalinka na wajen marigayi. Kuma ga auta a baya."

"Ba ta karye ba," Yusha'u ya ce. "Gwiwar hannu ce ta ɗaye, na ɗaure mata. Amma shinkafar duk ta watse cikin yashi. Ta kauce maka fa, Baba, har cikin ciyawa ta shiga. Ta ce kai ne ka biyo ta. Da kan mashin ne ya same ta ba madubi ba, da yanzu wani zance ake."

Malam Bello ya riƙe takalminsa yana kallon ruwan da ke ɗiga daga ciki. Ya yi ƙoƙarin tuno ta, ko launin zanenta, ko daron. Babu. Ƙwas ɗin kawai yake da shi.

Ya ajiye takalmin. "Andrew, zo nan. Tsaya ta haguna."

Andrew ya zo, idonsa jajir.

"Matso. Kusa da kafaɗata. To, ɗaga hannu."

"Na ɗaga."

"Ban ganin ka. Ban ganin hannun, ban ganin kai, ban ganin komai sai wancan jirgin da ke gabana. Ta dama ma haka. Shekara biyu ke nan." Muryarsa ta fito daidai, kamar mai karanta sanarwa. "Rigar yayanka nike bi. Don ni ya saye ta. Yau babu ta."

Hannun Andrew na nan sama, ya manta da shi.

"To nan ɗin fa?" ya ce a hankali. "Tungar Baushe?"

"Ban ga tsamiyar ba. Warra na nufa."

Andrew ya sauke hannun. Ya juya ya tafi bakin ruwa ya tsaya, ya ba su baya. Alhaji Bashir sai jan carbi yake, yana cewa innalillahi a ƙasan maƙoshi.

"Mu ko muna bayanka kamar tumaki," in ji Yusha'u. "Ramin da duk ka faɗa, na ce Baba na gwada mana ƙugu ne. Da gada ce ta karye fa?"

"Da kun biyo ni."

"Da mun biyo ka, wallahi."

Malam Bello ya zare makullin daga mashin. Igiyar fata ce a jikinsa, ta yi baƙi don daɗewa. Ya miƙa shi gaba, ba ga kowa ba, don bai san ta ina suke tsaye ba. Makullin ya daɗe a iska.

"Ni ba ni karɓa," in ji Alhaji. "Auta, karɓi."

"Ni? Ina ni ina makullin Baba?"

Takun Andrew ya dawo kan yashi. Shi ya karɓa, ya sa a aljihun gaba ya danne da hannu.

"Ka sa na yi kukan banza gaban masunta," ya ce.

"Ka yafe ni."

"Ba na banza ba ne. Garin dai na nan ƙasa, ko ka gani ko ba ka gani ba." Ya ja hanci. "Shi kuma Yaya, munafukin tsoho, shekara biyu muna yi mishi dariyar riga, yana jin mu."

Suka yi magana da masuntan, aka tura baƙin mashin ɗin ƙarƙashin rumfarsu, Yusha'u ya ce gobe zai zo da mota ya ɗauka, dama sai an zubar da ruwan da ya shiga inji. Daga nan gardama ta tashi kan wanda zai shiga gaba. Alhaji ya ce shi ne babba. Andrew ya ce a takarda dai, amma kowa ya san Alhaji ya ƙara wa kansa shekaru ne lokacin da yake neman kujerar Makka. Malam Bello na zaune yana jin su kamar daga wani ɗaki. A ƙarshe aka bar wa Alhaji.

"Warra ko gida?" in ji Alhaji, ya manta shi ba a tambaya kuma ba ya tambaya.

"Wajen tsohuwar nan," in ji Malam Bello.

Yusha'u ya kwance jakar sifanu ya rataya a wuya don ya samar masa wuri. Rabon Malam Bello da zama a bayan wani tun yana saurayi. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗora a gwiwa, ya mayar baya ya kama ƙarfe, a ƙarshe ya riƙe jaket ɗin Yusha'u da yatsu biyu. Duk ramin da suka tunkara ƙafarsa ta dama sai ta danna iska tana neman birki.

"Baba, ka daina tuƙa ni," in ji Yusha'u ta kafaɗa.

Sun same ta inda aka bar ta. Sai da Yusha'u ya kama kafaɗunsa ya juya shi sannan ya gan ta: 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, zaune a gefen hanya da ƙafafu miƙe, hannunta ɗaure da ƙyallen goge mashin, tana tara shinkafa da yashi wuri guda da tafin hannu ɗaya. Ya cire hular kwano ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Inna, ni ne na buge ki. Ki yi haƙuri."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi furfurarsa. Hausarta da nauyin wani harshe a ciki.

"Na ce yaro ne. Ashe tsoho ne. Kai da girmanka, mi kake gudu?"

"Ba ni ƙarawa."

"Haƙuri ba ya raba shinkafa da ƙasa," ta ce, ta turo masa daron da ƙafa. "Tunda ka zo, sa hannu."

Ya zauna dirshan a cikin yashin. Nan kusa, in ya sunkuya sosai, yana ganin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya fara tsincewa yana zubawa a daro. Sauran ukun suka tsaya tsaye na ɗan lokaci, sannan ya ji Alhaji Bashir na nishi yana neman yadda zai kai ƙasa, Andrew na ce masa ya bi a hankali kar ya zauna kan abincin mutane.